FILIN MASU MOTA: In Hita Ta Ƙi Ɗumi, Inji Ne Ke Magana

Hunturu ya kama, kuma a irin wannan lokaci ne masu tsofaffin motoci kan tuna cewa motarsu tana da hita. Mai sammako daga Jos, inda sanyi kan sauko ƙasa da digiri 10 a wasu darare, ko mai hawa tsaunin Mambila, sai ya murza maɓalli ya ji iska mai sanyi tana busa masa ƙafa. Da yawa kan ce ai ba komai, a sa rigar sanyi. To, lalle akwai komai, domin kuwa hita ba ta da wutar kanta. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne aka ɓoye a bayan dashbod, ruwan zafi daga inji ya ratsa ta cikinsa, fanka kuma ta huro ɗuminsa cikin mota. Watau in ɗumi ya ragu, ruwan da ke sanyaya inji ne ya kamata a fara tuhuma.

A fara da duba ruwa, da safe, inji yana sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙone fuska. In ruwa ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasawa, sa'an nan inji ya biyo baya. Alamarsa ita ce a sami ɗumi in an taka totur, amma da an tsaya sai ya ɗauke. Iskar da ta maƙale a tiyo ma takan yi haka.

Amma babban mai laifi a ƙasar nan shi ne tamostat, ko kuwa dai rashinsa. Wannan ɗan ƙarfe shi ke tsare ruwa a cikin inji har zafinsa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, kafin ya sake shi ya tafi lagireto. Sai ga shi an ɗauki wata al'ada a garejinmu, da zarar mota ta iso daga Kwatano sai makaniki ya zare shi ya jefar, wai don Turai aka yi shi, mu nan zafi gare mu. Wannan magana ba ta da tushe. Injin da ba ya kai zafinsa yakan sha mai fiye da kima, ya kuma ci kansa da wuri, ga shi man ba arha ba. Gane haka ba wuya. In an yi tafiyar minti 15 allurar zafi tana kwance ba ta kusa da tsakiya ba, ko kuwa babban tiyon sama na lagireto ya soma ɗumi tun da aka tayar da mota, to ko dai tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi sam.

In ruwa ya cika, allura kuma ta hau, sai a ɗaga bonet a nemi ƙananan tiyo guda 2 da suka shiga bangon da ya raba inji da mazaunin direba. A taɓa su da hankali, hannu nesa da fanka da fanbel. In ɗaya ya yi zafi ɗaya kuwa salam, ƙaramin lagireton ya toshe, galibi saboda tsatsa da dattin ruwan rijiya da aka yi shekaru ana ɗurawa maimakon ruwan lagireto mai launi. Sau da yawa wanke shi da ruwa ta baya, daga mafita zuwa mashiga, ya wadatar. In duka biyun sun yi zafi, laifin yana cikin dashbod, wayar maɓalli ta tsinke ko marfin da ke juya iska ya cije. Wani lokaci kuma sai a tarar an haɗe tiyon biyu da juna, aikin wani makaniki da ya ga yoyo ya bi gajeriyar hanya.

Akwai alamun da ba a jinkiri da su. Wari mai zaƙi-zaƙi, da tururi mai maiƙo a gilashin gaba, da shimfiɗar ƙafa a jiƙe, duk suna nufin ƙaramin lagireton yana yoyo. In kuwa ruwa yana ɓacewa ba a ga inda ya zuba ba, ga kumfa a lagireto, ga farin hayaƙi a salansa, to a tuhumi gasket, kuɗin gyaransa kuwa ya ninka na tamostat sau da yawa.

Masu riƙe da tsohuwar Volkswagen Beetle, irin wadda aka soma harhaɗawa a Legas cikin 1975, maganarku dabam ce. Ita ba ta da ruwa, iskar da ta zagaya jikin salansa ce ke shigowa da ɗumi. In tsatsa ta huda wurin, hayaƙin inji ne zai shigo, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Duk wanda ya ji ciwon kai ko jiri bayan ya buɗe hita, ya rufe ta nan take, ya sauke gilashi, ya nufi gareji.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.