A Ba Yaran Adar Shafin Waƙa

Malam Edita,

Ni malamar firamare ce a Tawa, a ƙasar Adar. Har yau yarana suna haddace tatsuniyoyin La Fontaine da Faransanci, su rera su tsaf kamar aku, amma ka tambaye su abin da ya taɓa musu zuciya a ciki, sai ka ji tsit.

Bara bayan girbi, lokacin da maza ke ɗaure kaya su tafi biɗa Abijan ko Libiya, na ce kowa ya rubuto baiti huɗu da Hausa a kan wani abu mai rai. Wata yarinya 'yar Kaita ta ɗauki gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Ta ce gawon ya fi babanta sanin lokacin da ake bukatar inuwa. Yaron da ya fi kowa tsokanarta ya sunkuyar da kai. Nasa uban ma yana can wajen biɗa. Wani kuma jakinsu na ɗaukar ruwa ya ba haƙuri. Ni kaina na ji kunya, ban taɓa kula da gyambon bayan jaki ba.

Tun Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To, ina abin karantawar? Kakannin yaran nan, galibi mata, su suka jera duwatsu suka dasa itatuwa a aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita tun 1984. Don Allah ku ware wa jikokinsu ko rabin shafi a wata. Ina da littafi guda cike da waƙoƙinsu, har da ta shamuwa da ta tabkin Tabalak.

Wata malama,
Tawa