Kafin A Ce Wa Yaro "Yi Mini Shiru"

Yaro ɗan shekara uku ya zube ƙasa yana birgima don yayansa ya ƙwace masa ƙwallo. Abin da ya fi saurin fita daga bakin babba shi ne, "Yi mini shiru ko in ƙara maka!" In namiji ne, a ɗora masa da "namiji ba ya kuka." Yaron zai haɗiye kukan, amma haushin na nan a ƙirjinsa, bai ma san sunan abin da yake ji ba.

Iyaye da yawa na ɗaukar wannan a matsayin koyar da haƙuri. Sai dai sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki in ransa ya ɓaci, ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20. Ɗan shekara uku ba shi da abin da zai tsayar da kansa, nutsuwar babba yake ara.

A 2007, Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro, suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Da zarar mutum ya ambaci sunan yanayin da ya gani, sai sashen da ke tayar da firgici ya lafa. A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan kuma, an bi rayuwar yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka iya kame kansu tun suna ƙanana sun fi sauran lafiya da rufin asiri a shekara 32, kuma sun fi su nesa da aikata laifi.

Musulmi ma yana da abin koyi a gida. Littattafan hadisi sun kawo labarin Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu. Annabi (SAW) ya lura da damuwar yaron, ya kira shi da alkunya, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai raina baƙin cikin yaro ba.

Koya wa yaro kame kansa ba ya cin kuɗi. Uwa ta durƙusa daidai tsayin ɗanta, ta ce, "Ka ji haushi don Yaya ya karɓe maka ƙwallo ko?" In numfashinsa ya daidaita, sai ta kafa iyaka: jin haushi ba laifi ba ne, amma duka da jifa ba a yin su a gidan nan. Haka za a yi da kishin sabon ƙane, da tsoron duhu, da ƙiwuyar ranar farko a makaranta.

Iyaye da malaman firamare da na Islamiyya, kafin a ɗaga murya ko bulala, a fara tambayar yaro abin da ke damunsa, a kuma tsaya a ji amsarsa.