Waiwaye: Ahmed Musa da bencin Leicester

Ranar Asabar da yamma, gidan kallon bal a Gagarawa Tasha ba masaka tsinke. An rubuta wasannin ranar da alli a allon bakin ƙofa, janareta na ta ruri, samari sun matsu a kan bencina. Tambayi duk yaron da ke buga lamba bakwai a filin makaranta, daga nan har Gumel da Maigatari, ina yake son zuwa. Ingila zai ce maka. Shi ya sa nake ganin ya kamata a waiwayi tafiyar Ahmed Musa, domin shi ya je ya gani.

A Jos aka haife shi a 1992, amma Kano Pillars ce ta fito da shi. Ƙwallo 18 ya zura wa Sai Masu Gida a kaka guda, bai ko cika shekara 18 ba. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ƙungiyar da ba kowa ya san sunanta ba, amma ana sa shi wasa. A 2012 sai CSKA Mosko, inda ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku. A tsakanin nan ya ci kofin Afirka na 2013 da Najeriya, ya kuma jefa wa Ajantina biyu a gasar kofin duniya a Brazil.

Sai kuɗi suka yi kira. A 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki Firimiya a shekarar, ta saye shi kan kimanin fam miliyan 16. Ya tarar kowane wuri da mai shi: Vardy a gaba, Mahrez da Albrighton a gefe. Kocin da ya kawo shi, Ranieri, aka sallame shi a Fabrairun 2017, daga nan Musa ya zama ɗan benci. Ƙwallo biyu kacal ya ci a Firimiya. Ɗan wasan gefe kuwa gudu ne jarinsa, kuma gudu ba ya jiran kowa.

A nan ne ya burge ni. Bai tsaya cin albashi yana ɗumama benci ba. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, wasu na cewa ya ci baya. Bayan wata biyar, a gasar kofin duniya a Volgograd, Victor Moses ya kwaso masa ƙwallo daga dama, ya tare ta da taɓawa ɗaya, ya maka ta a ragar Iceland. Ta biyun kuwa tsere wa mai tsaron baya ya yi, ya kewaye gola, ya natsu, sannan ya buga. Ƙafar da ta shekara a benci ba ta yin wannan.

Sauran tafiyar an san ta: Al Nassr ta Saudiyya, Pillars a 2021, Karagumruk da Sivasspor a Turkiyya, sai Pillars kuma a 2024. Kafin ƙafa ta gaji ya riga ya gina cibiyar wasanni da gidan mai a Kano.

Don haka iyaye da masu horar da yaranmu, idan dillali ya zo da takarda da sunan babbar ƙungiya, ku fara tambayarsa wa ke riƙe da lambar da yaron zai buga.