Tsohon ɗan gudu ma yana da iyali

Ɗan gudun da ya haura shekara 35 ba ya zaɓen tsere don sha'awa kawai. Sai ya zauna ya yi lissafin kuɗin mota, da kwanakin da gwiwa za ta ɗauka kafin ta saki, da abin da zai shigo da shi gida. Wannan lissafi shi ke janye gogaggu daga gudun daji, na cikin rairayi da tudu da kwari, ya mai da su kan kwalta. A gasar gudun daji ta duniya dala 30,000 zakara ke samu, ga ta ba kowace shekara ake yi ba. Gudun yada-ƙanin-wani na Legas kuwa, da aka soma shi a 2016, dala 50,000 aka sa wa na ɗaya, kuma irinsa birjik a biranen duniya.

Ba ƙarfi ne ke ƙare musu ba. Carlos Lopes na Fotugal yana da shekara 37 ya ci zinare a Olamfik na 1984, ya kuma sake cinye gasar gudun daji ta duniya a 1985. Nijar ma ta ga Abdu Manzo, wanda ya yi mata dogon gudu a Olamfik har sau uku, na ƙarshe a Atlanta a 1996.

Mutanen Damagaram ba sai an yi musu dogon bayani ba, domin sun san kokowa. Tun 1975, da aka soma gasar takobin ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, abin da ke riƙe magidanci a fage shi ne ya san faɗuwarsa ma ba ta banza ba ce. Zakara ya tafi da takobi da miliyoyin sefa, na bayansa su sami rabonsu, ƴan kasuwa su yi kari. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa ya ga yadda ake yi wa tsohon hannu kirari tun bai ɗaura laya ba. Ɗan gudu sa'ansa fa? A jera shi da ɗan shekara 20, ya zo na goma sha wani abu, ya koma da ƙura a ƙafa.

Gyaran ba shi da wuya, kuma garin Damagaram na da duk abin da ake nema: duwatsun Birni, rairayin hanyar Mirya, da sanyin hunturu na Disamba da Janairu. Masu shirya tsere su raba kyauta bisa shekaru, ƴan 35 zuwa 44 daban, na sama da su daban. Kada a tara kuɗin duka a kan mutum ɗaya. A biya har na goma, ko da jaka ashirin ce. Wanda ya taso daga Magarya ko Gure ko Tanut a mayar masa da kuɗin motarsa tun kafin a busa usur.