Malam, kafin ka tura yaro intanet ya ciro zane

Wata ɗabi'a ta shigo makarantunmu na Dakoro, kuma ni dai ban yarda da ita ba. Malami zai ba da aikin zane, ya ce kowa ya kawo adon tufafin gargajiya. Yaro ya ari wayar yayansa, ya rubuta "yadin Afirka" da Faransanci, ya kwafi hoton farko da ya fito. Uba ya biya kuɗin data, wani lokaci har da na buga hoton a takarda. Malam ya ba da maki, an wuce wurin. To, me yaron ya koya?

Duk wanda ya taɓa yin wannan bincike ya san abin da ke cika fuskar waya: atamfa. Ita kuwa atamfa, duk da son da muke yi mata, asalinta kwaikwayon rinin batik ne na tsibirin Jaba a Indunusiya. Turawa suka mai da shi aikin inji, suka samu kasuwa a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco da ke yin "Holan" ɗin da ake alfahari da ita a lefe yana garin Helmond tun 1846. Intanet ba ƙarya ta yi wa yaron ba. Abin da aka fi ɗorawa ta nuna masa, kuma masu talla ne suka fi ɗorawa.

Ina saƙi? Ina luru da gwado, waɗanda masaƙa ke haɗawa sawu-sawu? Ina aska takwas ta gaban babbar riga? Ina turkuɗin Kura, wanda ake rinawa da baba, a buge shi har ya yi walƙiya, Buzayen da muke cin kasuwa tare suna naɗa shi? Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, saƙa da rini ya tarar su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai tufafinta har ƙetaren Sahara. Mu nan ma ba sai mun je Kano ba. Surfanin da matan Bororo ke yi a riguna wajen Bermo, da ƙwaryar da aka sassaƙa wa ado, da faifai, da tabarmar kaba, da aikin dukawa, duk suna gabanmu.

Akwai kuma abin da waya ba za ta taɓa bayarwa ba. Kaushi da laushi da santsi, yatsa ne ke sanin su. A gilashin waya, gwado da siliki duk ɗaya ne.

Na san amsar malamai: aji ya cika maƙil, ba fenti, ba takarda isassa. Gaskiya ne. Amma wace hanya ce ta fi tsada? A ɗora fallen takarda a kan tabarma, a goga gawayi ko fensir, sai saƙar ta fito ɓaro-ɓaro. Mai zane Max Ernst ya yi suna da wannan dabara tun 1925, mu kuwa gawayi ba ya yanke mana. A sa yaro ya ƙirga zare nawa ya hau, nawa ya sauka. Ga lissafi ya shigo cikin darasin zane.

Ba cewa nake yi a jefar da waya ba. A juya ta. Yaro ya je wurin kakarsa, ta buɗe adaka, ya ɗauki hoton zanenta da izininta, ya tambayi sunan adon da wanda ya saƙa shi. Malami ya zaɓi masu kyau ya ɗora a Wikimedia Commons, inda kowa ke ɗauka kyauta, da sunansu na Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. Gobe ɗalibi a Tawa ko Katsina zai bincika ya samu namu.

Iyaye, idan yaro ya zo neman kuɗin ciro hoto, ku fara nuna masa faifan da ke rufe da ƙwaryar fura. Masaƙa suna ƙarewa, tsofaffin da suka san sunayen nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sunan da ba a tambaya ba a yau, babu injin binciken da zai dawo mana da shi.