Dakali Mai Korar Ciniki

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) Kasuwar Kurmi ke ci, amma har yau gurgu da makaho sai sun sha wuya kafin su kai bakin rumfa. Lungu matsattse, kwata a buɗe, dakali kuwa sai mai lafiyar ƙafa. Dokar kare naƙasassu ta 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya wuce. To, amma ɗan kasuwar ƙwarai ba ya jiran sammaci. In ya zuba gangaren siminti a ƙofa, ɗan dako zai turo baronsa, tsohuwa ta hau ba mai riƙe ta. Wanda dakali ya mayar baya kuwa, da kuɗinsa ya tafi.