Jif 'Yar Gwanjo: Saye da Murna, Riƙo da Fargaba

Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega ya san yadda manyan motocin nan da ake kira jif suka yawaita a kanta. Ana ganinsu a Dingyadi ranar ɗaurin aure ko suna, ana kuma ganinsu jingine a gindin darbejiya a garejin kanikawa, wata ta yi wata guda tana jiran ƙarfe ɗaya daga Kano. Kusan dukansu 'yan gwanjo ne, wato waɗanda ake ce wa Beljiyam ko 'yan Kwatano. Mai saye yakan yi makon farko cikin murna da karɓar barka, daga nan kuma sai ya soma kasa kunne ga kowace ƙara da injin ya yi. To, 'yan'uwa, wannan fargaba tana da tushe, ya kuwa kamata mu duba tushen nata.

Yadda muka zo nan

A zamanin mulkin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, naira ta fi dalar Amurka daraja, ma'aikacin gwamnati kuwa yana iya karɓar rance ya sayi sabuwar Peugeot 504 wadda ake haɗawa a Kaduna tun 1975. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai idanu suka koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Ikko. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Rahoton ya nuna da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba.

Ba don alfahari kaɗai mutanenmu suke son jif ba. Da zarar an sauka daga kwalta za a shiga ƙauye, sai yashi da rani, taɓo da damina, ƙaramar mota kuwa cikinta yana karta ƙasa. Mai iyali goma yana bukatar wurin zama. Amma kada mu ɓoye cewa akwai kwaikwayo a ciki: a 2023 an saya wa 'yan Majalisar Tarayya sababbin jif, jaridu suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160, kowa kuma yana so a gan shi cikin irin motar manya, ko da tsohuwa ce.

Tarihin da ba a gaya wa mai saye

Damuwa ta fari ita ce mai saye bai san abin da motar ta sha a baya ba. Yawancin manyan jif daga Amurka suke zuwa, da yawa kuma daga filayen gwanjo irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, kamar yadda ya faru bayan guguwar Harvey a Texas a 2017. A gyara bodi, a fesa fenti, ta fito fes. Amma ruwan da ya shiga wayoyi ba ya nuna kansa sai bayan watanni. Ga kuma agogon tafiya: na Amurka mil yake ƙirgawa, don haka in ka ga 150,000, kilomita 240,000 ke nan, wannan ma in ba a mai da shi baya ba.

Kowace irin mota kuma tana da ciwonta. Nissan Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 an san ta da lagireto mai tsagewa daga ciki, ruwa ya gauraye da man giya, giyar ta mutu. Toyota, wadda mutanenmu suke yabo, ita ma a 2016 ta amince da biyan diyya a Amurka saboda tsatsar ƙarfen ƙasa na wasu Sequoia da Tundra da Tacoma, gama gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Injin 4.7 na tsohuwar Land Cruiser da Sequoia yana da bel na cikin inji da ake sauyawa wajen mil 90,000. In ya tsinke ana cikin gudu, yana iya lalata injin.

Cikin giwa

Damuwa ta biyu ita ce mai. Tankin Sequoia yana ɗaukar kimanin lita 100, kuma da ƙyar lita ɗaya ta kai ta kilomita 6 ko 7. Kafin a janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin gwamnati yana wajen naira 185, wato cika tanki naira 18,500. A Oktoba 2024 lita ta haura naira 1,000, cika tanki ya kai naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Farashin ya ɗan sauka a 2025, amma bai koma inda ya fito ba. Abin da yakan biyo baya shi ne, wanda fetur ya cinye masa aljihu sai ya jinkirta juyen baƙin mai, ko ya zuba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba. Ta nan injin yakan soma mutuwa.

Kayan gyara da mai gyara

Damuwa ta uku, kayan gyara da dala ake sayo su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta kai 1,500. Babbar taya huɗu kaɗai ta isa ta cinye kuɗin amfanin gonar shekara. Abin da babu a Sakkwato sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, sau da yawa kuma abin da za a kawo shi ma gwanjo ne.

Kanikawanmu masu hikima ne, amma da yawa sun koyi aiki a kan 504 mai kabureta, wadda ake gane ciwonta da kunne. Jif ta yanzu kwamfuta ke tafiyar da ita, sai an jona mata na'urar gwaji. Wasu al'adun gareji kuma suna cutar da ita, kamar cire na'urar daidaita zafin inji da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi ta, da zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji. A ƙasar da zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, wannan ganganci ne.

Takardu

Damuwa ta huɗu ba ta cikin inji. Daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Mu da muke maƙwabtaka da Illela da Kamba mun san fasa-ƙwauri bai daina ba. Motar da ba a biya mata kuɗin fito daidai ba, kwastan suna iya kama ta a hannun wanda ya saya da zuciya ɗaya, dillalin kuwa ya daɗe da cin la'adarsa.

Abin yi

Ga wanda bai saya ba tukuna, ba a cinikin biri a sama. Ya kwafi lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17, a binciko tarihinta ta intanet, ya kai takardun fito ofishin kwastan a tabbatar, ya kuma zo da bakaniken da shi ya zaɓa, ba na dillali ba. Ƙungiya ko ikilisiyar da za ta sayi mota da kuɗin jama'a ta fi kowa bukatar wannan, ta kuma rubuta tun farko wa zai riƙa biyan mai da gyara.

Ga wanda ya riga ya saya, fargaba ba ta gyara mota. Ya ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba: a juye baƙin mai da man burki, a duba man giya, a sauya matatu da bel, a wanke lagireto, a leƙa ƙarƙashinta, a karanta shekarar da aka buga a jikin taya. Ya buɗe ɗan littafi yana rubuta kowane gyara da kwanan wata, yana kuma ajiye wani abu kowane wata don ranar lalacewa. In bayan shekara guda lissafi ya nuna motar tana cin kuɗin makarantar yara, babu kunya a sayar da ita a sauko zuwa ƙarama. Amma a gaya wa mai saye ciwonta, kada mu yi wa wani abin da muke kukan an yi mana.

Gwamnati ma tana da nata: ta tsananta binciken lafiyar motoci tun a bakin ruwa, makarantun koyon sana'a na jiha kuma su horar da matasa gyaran motocin zamani.

Ranar biki kowace mota lafiyayya ce. Ainihin gwajin shi ne daren da naƙuda ta tsananta a wani ƙauyen Shagari, ana bukatar a kai mace asibiti a Sakkwato, aka murza makulli. Motar da ta tashi a wannan dare, ko ƙarama ce ko babba, ita ce ta cancanci kuɗin da aka zuba mata.